Hukuncin kisa: tambayoyin da ake ta yi a fadojin Damagaram, da amsoshinsu

Da zarar an wayi gari da labarin an tsinci gawar wani ɗan kabu-kabu an gudu da babur ɗinsa, ko an daɓa wa wani wuƙa saboda salula, maganar da za ka ji daga Birni har Zango ɗaya ce: «A kashe su kawai, kowa ya huta.» Sai wani ya ce ai a Saudiyya ba a wannan wasa, wani ya ce Turawa ne suka ɗaure mana hannu. Akwai gaskiya a cikin maganganun nan, akwai kuma ji-ta-ji-ta. Ga tambayoyin da suka fi yawo, da abin da za a iya faɗa a kansu ba tare da ƙari ba.

Wai har yanzu akwai hukuncin kisa a dokar Nijar?

Akwai. Kundin hukunta laifuffuka na 1961, duk da gyare-gyaren da ya sha, bai cire shi ba. Yana hawa kan kisan kai da aka shirya da gangan, da kisan mahaifi ko mahaifiya, da kashe mutum da guba, da cin amanar ƙasa, da wasu laifuffukan ta'addanci. Hanyar da doka ta ambata ita ce harbi da bindiga. Alƙalai kuma suna furta hukuncin, ba su daina ba.

To in haka ne, me ya sa ba mu taɓa jin an harbe kowa ba?

Saboda rabon Nijar da zartar da shi tun 1976. A watan Maris na shekarar aka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Seyni Kountché, yunƙurin bai yi nasara ba, kotun soja ta zauna, aka harbe wasu daga cikin waɗanda aka samu da hannu, ciki har da Kwamanda Bayere Moussa da jagoran ƴan ƙwadago Ahmed Mouddour. A lura da wannan: kisa na ƙarshe da hukuma ta yi bisa hukuncin kotu a ƙasar nan kan rikicin mulki aka yi shi. Ba ɗan fashi aka harbe ba.

Tun daga nan abin da ake yi shi ne a yanke hukuncin, mutum ya zauna a gidan kaso, wata rana shugaban ƙasa ya sa hannu a takardar sassauci, galibi albarkacin wani bikin ƙasa, kisa ya koma ɗaurin rai da rai. Shi ya sa ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suke lissafa Nijar cikin ƙasashen da suka daina a aikace amma ba su soke a takarda ba.

An taɓa gwada sokewar. A watan Disamba na 2010, lokacin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, an kai daftarin gaban majalisar tuntuɓa ta ƙasa, ta yi watsi da shi. Bayan shekara 4, a Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijar ta kaɗa ƙuri'ar goyon bayan a dakatar da zartar da kisa a duniya. Wato a gida an ƙi sokewa, a waje an yarda da dakatarwa. Mai son a kashe bai samu biyan buƙata ba, mai son a soke shi ma bai samu ba, kuma babu gwamnatin da ta nuna tana gaggawar fita daga wannan tsaka-mai-wuya.

Ba Turawa ne suka hana mu ba? A zamanin sarakuna ai ana yi.

Ana yi. A daular Damagaram, kamar sauran masarautun ƙasar Hausa, alƙali yana hukunci da fiƙihun Malikiyya, magana ta ƙarshe kan rai tana hannun sarki, dogarai su kama, hauni ya zartar. Bayan sojojin Faransa sun ci garin a 1899, wannan iko ya bar fada ya koma bariki.

Amma Faransawa ba su zo da hana kisa ba. Su ma a lokacin suna fille kai da injinsu a can gida, kuma dokar da Nijar ta rubuta bayan samun ƴancin kai daga tasu aka ɗebo ta, har da hukuncin kisan. Mutum na ƙarshe da Faransa ta fille wa kai a birnin Marsai ne, a 1977, shekara guda bayan harbin ƙarshe na Nijar. Sai a 1981, zamanin François Mitterrand da ministansa na shari'a Robert Badinter, suka soke. Mun riga su dainawa ke nan. Gaskiya ne Tarayyar Turai tana matsa wa ƙasashen da take ba tallafi lamba kan batun, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, sai dai shugabannin Nijar, na soja da na farar hula, sun yi kusan shekara 50 suna ƙin sa hannu, har da waɗanda ba sa ga maciji da Turawan.

Wace ƙasa ce ta fi kowa kashewa?

Sin, bisa dukkan alamu, kuma da rata mai yawa. Matsalar ita ce gwamnatin can ta mai da adadin sirrin ƙasa. Ƙungiyar Amnesty International, wadda ke fitar da ƙididdiga duk shekara, tana cewa dubbai ne, ba ta sa lamba. Haka ma Koriya ta Arewa da Biyetnam, ba a samun alƙalumansu.

In aka ajiye waɗannan gefe, a 2024 ƙungiyar ta ƙirga mutum 1,518 da aka kashe a ƙasashe 15. Rabon da a ga adadi mai yawan haka tun 2015. Iran ce a gaba da aƙalla 972, Saudiyya aƙalla 345, Iraƙi aƙalla 63. Ƙasashen nan uku kaɗai sun kwashe fiye da kashi 90 cikin 100 na jimillar. Amurka ta kashe 25. A 2023 jimillar 1,153 ce, Iran na da 853, Saudiyya 172, Somaliya 38.

Abu biyu ke tafiya tare a nan, kuma masu gardama kowa yana ɗaukar wanda ya yi masa daɗi. Yawan mutanen da ake kashewa yana ƙaruwa, yawan ƙasashen da ke kashewa yana raguwa. Zuwa ƙarshen 2024 ƙasashe 113 sun soke hukuncin gaba ɗaya. A Disambar wannan shekara ƙasashe 130 suka goyi bayan dakatarwa a Majalisar Ɗinkin Duniya, 32 suka ƙi.

Jera lambobi haka ya isa a kwatanta ƙasa da ƙasa?

Bai isa ba. Na farko, sai an duba yawan jama'a. Iran na da mutum wajen miliyan 90, Saudiyya wajen miliyan 35, Amurka fiye da miliyan 330. In ka raba, a 2024 Iran da Saudiyya kowace ta kashe kusan mutum 1 cikin kowane 100,000, Amurka kuwa mutum 1 cikin fiye da miliyan 13. Singafo, tsibirin da jama'arsa ba su wuce miliyan 6 da ɗoriya ba, ta rataye 9 a shekarar, wanda in aka auna da yawan mutanenta ya ninka na Amurka sau da yawa.

Na biyu, sai an tambaya kan wane laifi. A fada ana ɗauka duk wanda aka kashe a waɗancan ƙasashe shi ma rai ya kashe. Ba haka ba ne. Fiye da kashi 40 cikin 100 na kashe-kashen da aka ƙirga a 2024 kan miyagun ƙwayoyi ne. A Singafo safarar tabar wiwi da ta wuce giram 500 tana kai mutum ga igiya. A Iran an rataye matasa kan zanga-zangar da ta ɓarke a 2022. A watan Maris na 2022 Saudiyya ta kashe mutum 81 a rana ɗaya, akasari bisa tuhumar ta'addanci.

Na uku kuma, wanda ƙididdigar ba ta gani sam: ƙasa tana iya zama ba ta kashe kowa ta hanyar kotu ba, alhali ana mutuwa a hannun jami'anta a daji ko a ɗakin tsarewa. Sunanta zai fito fes a jadawali.

Amurka da ke yi wa mutane wa'azin haƙƙin ɗan Adam, ita ma ashe tana yi?

Tana yi, amma ba ko'ina ba. Kowace jiha da dokarta: 23 daga cikin 50 sun soke, wasu gwamnoninsu sun dakatar, Tekzas kuwa ita ke kan gaba tun da aka dawo da hukuncin a 1976. Allurar guba aka fi amfani da ita, a Janairun 2024 jihar Alabama ta fara kashewa da iskar naitirojin. A Disambar 2024, dab da saukarsa, Joe Biden ya sassauta wa 37 daga cikin mutum 40 da ke jiran kisa a hannun gwamnatin tarayya. A Turai ƙasa ɗaya ce ta rage tana zartarwa, Belarus. Japan da Indiya, duk da dimokuraɗiyyarsu, suna ratayewa jefi-jefi.

Maƙwabtanmu fa?

Kowa da inda ya sa gaba. Benin ta soke. Mali tana kamar mu, rabonta da zartarwa tun 1980, Aljeriya tun 1993. Burkina Faso ta cire shi daga kundinta a 2018, daga baya gwamnatin soja ta ce tana son maido da shi. Labarin Chadi ya fi ɗaukar hankali: a watan Agusta na 2015 aka yanke wa ƴan Boko Haram 10 hukunci, kashegari aka harbe su, sannan a 2020 ƙasar ta soke hukuncin kwata-kwata, har kan ta'addanci. Can nesa, Afirka ta Kudu ta soke a 1995, Senegal a 2004, Ruwanda a 2007 duk da kisan ƙare-dangin da ta gani, Saliyo a 2021, Zambiya a 2022, Zimbabwe a ƙarshen 2024. Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango kuwa baya ta koma, ta ɗage dakatarwarta a 2024.

Najeriya ce ta fi shafar mu, tunda daga Magarya ko Matamai taku kaɗan ne. Can kotuna suna yanke hukuncin kisa da yawa, fiye da mutum 3,000 ke zaune suna jira, amma sai gwamnan jiha ya sa hannu, gwamnoni kuwa gudun alƙalamin suke. Na ƙarshe da aka sani an rataye su a jihar Edo ne, a Disambar 2016. Dattawa suna tuna yadda ake ɗaure ƴan fashi a jikin ganga a bakin teku a Legas a shekarun 1970, a harbe su jama'a na kallo. Ana kuma tuna marubuci Ken Saro-Wiwa da mutum 8 da gwamnatin Abacha ta rataye a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamban 1995. Bayan da jihohin Arewa suka ƙaddamar da shari'a daga 1999, an yanke wa Safiya Hussaini a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina hukuncin jefewa, kuma kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ne da kansu suka wanke su.

Malam, Alƙur'ani ya ce rai da rai. Mai neman a soke ba jayayya yake da Allah ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a Damagaram, kuma ba a amsa ta da gatse. Ƙisasi yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 178 da 179, inda aka ce a cikinsa akwai rayuwa ga masu hankali. Babu Musulmin da zai ce babu shi. Wannan ne ma babban dalilin da ya sa malamai da yawa a ƙasar nan ba sa goyon bayan sokewa.

Sai dai duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, har babin jini da haddi ya san ƙisasi ba abu ɗaya ba ne da abin da ke cikin kundin 1961. A ƙisasi haƙƙin na waliyyan mamaci ne. Su za su ce a kashe, su za su ce sun karɓi diyya, su za su ce sun yafe don Allah, kuma ayar da ta wajabta ƙisasin ita ce ta kira yafewar sauƙi da rahama daga Ubangiji. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. A Malikiyya ko an yafe, mai kisan ganganci zai sha bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Akwai kuma inda Malikiyya ta toshe ƙofar yafiya: kisan gilla, wato a yaudari mutum a kai shi inda ba kowa a kashe shi don abin hannunsa. Wanda ya hau bayan ɗan kabu-kabu ya ja shi bayan gari ya kashe shi saboda babur, a wannan babin ya faɗa.

Sannan ga tsananin hujja. Ko shaidu biyu adilai, ko iƙirarin da ba a tilasta ba, ko rantsuwar ƙasama, wato dangin mamaci su rantse sau 50, in akwai alama mai ƙarfi. Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce a tunkuɗe haddi da shubuha, gara shugaba ya yi kuskure wajen afuwa da ya yi kuskure wajen uƙuba.

A dokar Nijar kuwa mai gabatar da ƙara na gwamnati ne ke neman kisa, ba dangi ba. In dangi sun yafe, shari'a ba ta tsayawa. In sun ce a kashe, shugaban ƙasa yana iya sassautawa bai tambaye su ba. Cin amanar ƙasa da aka harbe mutane a kansa a 1976 ba ƙisasi ba ne. A ganina, wanda ya ce yana kare hukuncin kisa na kundin nan da sunan ƙisasi ya kamata ya fara neman a shigo da diyya, da muryar waliyyai, da tsananin shaida. In ya ɗauki takobin ya bar waɗannan, rabin ayar ya ɗauka.

Amma ai gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba ya rage laifi?

Hankali yana karɓar wannan magana, shi ya sa take da farin jini. Tabbatar da ita da alƙaluma ne ya gagara. A 2012 majalisar binciken kimiyya ta Amurka ta duba nazarce-nazarcen da aka yi cikin shekaru fiye da 30, ta ce ba su nuna ko hukuncin yana rage kisa ko yana ƙara shi ba, kada a gina doka a kansu. Jihohin Amurka da suka soke ba su fi sauran yawan kisan kai ba, akasari ma sun fi su ƙaranci. Kanada ta soke a 1976, kisan kai bai ƙaru ba, raguwa ya yi a shekarun da suka biyo. Iran ta shekara da shekaru tana rataye masu safarar ƙwaya, safarar ba ta tsaya ba. Harbin bakin teku bai kawo ƙarshen fashi a Legas ba.

Masu goyon baya suna nuna Saudiyya da Singafo, inda mutum zai bar shagonsa a buɗe. Gaskiya ne akwai tsaro. Amma can in ka yi laifi kama ka za a yi, kuma ba a daɗe ba za a yi maka shari'a. Yaron da ya sha ƙwaya ya zaro wuƙa ba ya lissafin sashe na nawa ne zai hau kansa. Abin da ya sani shi ne ko za a kama shi, da kuma ko wani babba zai buga waya a sake shi.

Ana yin kuskure da gaske, ko dai zancen lauyoyi ne?

Ana yi, har a inda ake da kuɗi da kayan bincike. A Ingila an rataye Timothy Evans a 1950 kan kisan ƴarsa, daga baya aka gano maƙwabcinsa da ya ba da shaida a kansa shi ne makashin mata da dama a gidan. An yi masa afuwa a 1966, yana kabari. A Amurka mutum wajen 200 da aka yanke wa kisa tun 1973 aka wanke daga baya. A Japan, Iwao Hakamada ya karɓi hukuncin kisa a 1968, ya yi fiye da shekara 45 yana jiran igiya, sai a Satumban 2024 kotu ta wanke shi, ta ce ƙirƙirar hujjojin aka yi. A lokacin yana da shekara 88.

Yanzu a dawo gida. Mutumin ƙauye ne daga wajen Mirya ko Tanut, an kama shi, an rubuta bayaninsa da Faransanci, harshen da ba ya ji, an ce ya dangwala yatsa. Ya yi shekaru a tsare kafin a kira shari'arsa. Lauyoyin ƙasar nan kusan duk a Yamai suke, wanda aka ba shi wataƙila sai ana gobe zama ya ga takardunsa. Tsakaninsa da alƙali akwai tafinta, kalma ɗaya in ta karkace ta isa. Mai hali ba ya shiga wannan hali, ya ɗauko lauya tun ranar farko. Ni dai ban ga yadda za a ɗora hukuncin da ba a warware shi a kan irin wannan bincike ba. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri.

Duk kun damu da mai laifi. Iyalan wanda aka kashe fa?

Tambaya ce mai kyau, kuma masu neman sokewa sukan yi saurin tsallake ta. Matar da aka kashe wa miji aka bar ta da yara biyar ba ta cikin ƙididdigar kowa. Kotu tana iya yanke a biya ta diyyar ɓarna, amma wanda aka ɗaure ba shi da ko akuya, takardar ta zama ta ajiya. Daga baya ta ji a rediyo an yi sassauci, ba wanda ya zo ya gaya mata.

Wannan ɓacin rai ne ke haifar da ɗaukar doka a hannu. A yi ihun «ɓarawo!» a kasuwa, kafin ƴan sanda su iso an gama da mutum, wani lokaci ma ba shi ne ya ɗauka ba. Ƙasar da ta yi kusan shekara 50 ba ta harbe kowa ba tana da hukuncin kisa a titi, babu alƙali, babu shaida, babu ɗaukaka ƙara. Masu cewa a dawo da harbi don jama'a su daina wannan suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sai dai a Najeriya, inda kotuna ke yanke kisa da yawa, dukan kawo-wuƙa bai ragu ba.

Ɗan Nijar da aka kama a wata ƙasa, dokar wa za ta hau kansa?

Dokar inda aka kama shi. Kasancewar Nijar ba ta zartarwa ba ya tsare shi a Jidda ko a Tirabulus. Abin da yake da shi, bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963, shi ne haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema, su ziyarce shi, su taimaka a samo lauya. Ya nemi hakan tun ranar farko, kuma kada ya sa hannu a takardar da ba a fassara masa ba.

Wannan ya fi shafar masu zuwa Umara da aikin Hajji da ƴan ci-rani. Saudiyya ta ɗan dakatar da kisa kan ƙwaya, ta dawo da shi a Nuwamban 2022, kuma baƙi ƴan ƙasashen waje suna da yawa cikin waɗanda ake kashewa. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba ƴar Najeriya da ta taso daga Kano a can bayan an samu ƙwayar Tramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Sai da bincike a Najeriya ya gano wasu ma'aikatan filin jirgi ne suka liƙa sunan nata a jakar da ba tata ba, sannan aka sako ta bayan wata huɗu. Saƙon «don Allah Hajiya ki miƙa wa ƙanwata a Makka» in ba a buɗe shi a gabanki kin ga abin da ke ciki ba, a bar shi. A ƙirga jakunkuna a wurin awo, a duba lambobin da aka liƙa a bayan tikiti sun yi daidai da yawansu, a riƙe takardar har a fita daga filin jirgin Jidda ko na Madina.